Dandaƙar kare

Dandaƙar kare, ko fiɗiyar kare, aikin tiyata ne da likitan dabbobi ke yi don cire 'ya'yan marainan kare namiji, ta yadda ba zai ƙara yi wa karya ciki ba. Idan karya ce, ana buɗe cikinta a cire ma'ajiyar ƙwai guda biyu, galibi haɗe da mahaifa. Ana yin aikin ne bayan an sa dabbar barci da allura, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Aikin namiji bai cika wuce minti 30 ba, amma mikin yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya haɗe. Yawancin matsalolin da ake samu suna tasowa ne daga rashin shirya kare kafin aiki, ko sakaci wajen jinyarsa a gida. Wannan ya fi fitowa fili a karkara irin ta Faru da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Maradun, Bakura da Talata Mafara a jihar Zamfara, inda karnuka ke yawo sake, ga zafi da ƙuda, babban asibitin dabbobi kuma yana da nisa.

Asalin kalma da hanyoyin gargajiya

A Hausa, dandaƙa na nufin bugun jijiyar maraina da abu mai nauyi har ta mutu, kamar yadda makiyaya suka saba yi wa bijimai da bunsuraye. Fiɗiya kuwa ita ce a tsaga fata a zare 'ya'yan marainan. Bunsurun da aka yi wa haka shi ake kira taure. Abin da likita ke yi wa kare ya fi kusa da fiɗiya, sai dai kalmar dandaƙa ta fi yawo a bakin mutane.

Malaman dabbobi na amfani da wani matsefin ƙarfe mai suna Burdizzo wajen dandaƙe shanu, ana kuma sa wa ƙananan raguna da awaki zoben roba. Waɗannan hanyoyi ba su dace da kare ba. Jakar marainan kare ba ta rataye da dogon wuya kamar ta bijimi, don haka ƙarfe ko roba ba sa kama jijiyar yadda ya kamata. Kare kuma yana iya kai bakinsa wurin, ya tauna shi saboda zafi. Abin da ke biyo baya shi ne zubar jini, ruɓewar nama, wani lokaci har da mutuwa. Haka ma fiɗiya da aska ba tare da allurar barci da ɗaurin jijiya ba.

Kare a yankin Faru

Faru gari ne a ƙaramar hukumar Maradun. Mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya, kuma ana noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a shekarar 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Ana ajiye kare ne don gadin gida da gona, rakiyar garke, da farauta, wadda aka fi yi da rani bayan an kawar da amfanin gona. Yawancin karnukan na gida ne, masu matsakaicin jiki da gajeren gashi. Ba a cika ɗaure su ba, kuma abincinsu ragowar tuwo ne da ƙasusuwa da abin da suka tsinta a bola ko mahauta.

Karya tana neman barbara kusan duk bayan wata shida, ko da yake wasu jinsunan Afirka sau ɗaya suke yi a shekara. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma haihuwar kwikwiyo biyar ko shida ba baƙon abu ba ne. Idan karya ɗaya ta shiga wannan lokaci, karnuka maza kan taru daga unguwanni da rugage su yi ta faɗa a kanta. A irin wannan cuɗanya ne cututtuka ke yaɗuwa, ake kuma samun kwikwiyon da babu mai so.

Dalilan yin aikin

Babban dalili shi ne hana haihuwar da ba a buƙata. Akwai kuma dalilai na lafiya. Karen da aka dandaƙe ba ya kamuwa da sankarar maraina, kuma ba ya fama da kumburin ƙullutun furostet da ke gindin mafitsara, wanda ke damun tsofaffin karnuka har ya hana su yin kashi da sauƙi. Daina barbara na kare shi daga wata sankara da ke fitowa a al'aura kamar tsiron nama mai zubar jini, wadda karnuka ke ɗauka daga juna wajen barbara, kuma ta zama ruwan dare a ƙasashe masu zafi.

A wajen karya, cire mahaifa na kawar da haɗarin taruwar mugunya a cikinta, cutar da ke kisa idan ba a yi tiyatar gaggawa ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin ya nuna cewa kusan karya ɗaya cikin huɗu da ba a yi wa aikin ba tana kamuwa da wannan cuta kafin ta kai shekara 10. Yin aikin da wuri yana kuma rage yiwuwar sankarar nono.

Ta fuskar hali, yawancin karnukan da aka dandaƙe suna rage yawon neman karya, da ɗaga ƙafa suna fitsari a ko'ina, da faɗa da 'yan'uwansu maza. Aikin ba ya ɗauke wa kare haushi ga baƙo ko iya bin sawun nama, domin waɗannan sun dogara ne ga jinsi da horo. Haka nan ba ya gyara karen da ke cizo saboda tsoro.

Dandaƙa ba rigakafin ciwon haukan kare ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗaukarsa. Allurar rigakafi ce kaɗai ke tsare kare daga gare shi.

Lokacin da ya dace

Ƙa'idojin da ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka, AAHA, ta fitar a 2019 sun ba da shawarar a dandaƙe karen da nauyinsa ba zai wuce kilo 20 ba idan ya kai wata shida, a yi wa karya kuma kafin ta fara neman barbara. Manyan jinsuna, irin su Alsatian da Rottweiler da ake ajiyewa a birane, ana jinkirta musu har su gama girma, tsakanin wata 9 zuwa 15. Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2013 da 2020 ya nuna cewa yin aikin da wuri na ƙara wa wasu manyan jinsuna matsalar gaɓoɓi. Ana iya yi wa babban kare ko tsoho idan yana da lafiya.

Ba a so a yi wa karya aikin tana cikin neman barbara, saboda jijiyoyin mahaifa sun cika da jini a lokacin. Ana jira wata biyu zuwa uku bayan ya wuce. Mai shayarwa kuma sai ta yaye, nononta ya ƙafe.

Yanayi ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin kan haura digiri 40, kuma karen da bai gama farfaɗowa daga allurar barci ba ba ya iya sanyaya jikinsa da haki yadda ya saba. Da damina ƙuda da danshi sun fi yawa, miki ya fi saurin lalacewa. Watannin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun fi sauƙi, muddin an kare mikin daga ƙura, an kuma lulluɓe karen da dare. Mafarauci kan zaɓi lokacin da karensa zai yi aƙalla mako uku bai fita daji ba.

Inda ake yin aikin

A Najeriya, likitan da ke da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa shi doka ta amince ya yi wa dabba tiyata. Aikin malaman dabbobi a karkarar Zamfara ya fi karkata ga shanu, tumaki, awaki da kaji, don haka mai kare kan fara da tambayar ko likitan yana da maganin sa barci, da zaren ɗinki, da kayan aikin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Gusau ce cibiyar ma'aikatan lafiyar dabbobi na jihar. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ake isa gare shi ta hanyar da ta ratsa Talata Mafara. A Zariya kuma akwai na Jami'ar Ahmadu Bello. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana sarrafa allurar rigakafin haukan kare.

Saboda nisa da matsalar tsaro a wasu hanyoyin yankin, yana da muhimmanci a karɓi lambar wayar likitan, a kuma san malamin dabbobi mafi kusa da za a nema idan wani abu ya taso da dare.

Shiri kafin ranar aiki

Duba lafiya. Likita yana auna nauyin kare, domin da shi ake ƙididdige magani. Yana auna zafin jiki, wanda a lafiyayyen kare yake tsakanin digiri 38 da 39.2, ya saurari zuciya da huhu, ya duba launin dasashi. Dasashi mai fari-fari alama ce ta ƙarancin jini. Yana kuma tabbatar da cewa 'ya'yan marainan biyu sun sauko, domin idan ɗaya ya maƙale a ciki sai an buɗe ciki an nemo shi, kuma irin wannan ya fi saurin zama sankara idan aka bar shi.

Kaska da tsutsar ciki. Karen da ke cuɗanya da garke ba ya rabuwa da kaska. Kaska na ɗauke da ƙwayoyin Babesia masu farfasa jini, da Ehrlichia masu rage sinadaran da ke sa jini ya daskare. Kare na iya zama da su yana ci yana sha kamar lafiya lau, sai an yanka a ga jini ya ƙi tsayawa. Shi ya sa ake son gwajin jini inda hali ya yi, a kuma yi maganin cutar kafin a sa ranar aiki. Ana ba da maganin tsutsa mako ɗaya ko biyu kafin lokaci. Idan an wanke kare da maganin kaska na shanu a kwanakin baya, lallai a faɗa wa likita sunan maganin, domin wasu, kamar amitraz, suna ƙara ƙarfin allurar barci har abin ya yi yawa.

Rigakafi. Ana fara yi wa kare allurar haukan kare yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. An fi so a yi ta aƙalla mako biyu kafin tiyata. Wannan kariya ce ga masu riƙe shi da masu yi masa jinya.

Sabo da tsarewa. Karen da ya saba yawo ba ya yarda da ɗauri a rana ɗaya. Ana fara ɗaure shi na 'yan awoyi, ko a rufe shi a ɗakin da zai yi jinya, tun mako guda kafin aiki, ana ba shi abinci a nan. A wannan lokaci ne ake gwada masa takunkumi da abin wuyan da zai hana shi lasar miki.

Wurin jinya. Ana tanadar ɗaki ko rumfa mai inuwa da iska, a share, a shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta. Daɓen siminti ya fi turɓaya. Kada wurin ya kasance kusa da turken awaki, akurkin kaji ko juji, saboda ƙuda.

Wanka. Ana yi wa kare wanka da sabulu kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, tunda zai yi mako biyu ruwa bai taɓa shi ba. Ba a aske wurin a gida, domin ƙwarzanen reza na buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya.

Hana abinci. Allurar barci na iya sa amai, kuma karen da ke barci ba ya iya tare aman daga shiga huhunsa. Bisa yadda aka saba, ana hana shi abinci na awa 8 zuwa 12, wato ya ci na ƙarshe da daddare. Ƙa'idojin AAHA na 2020 sun rage wannan zuwa awa 4 zuwa 6 ga lafiyayyen babban kare, da awa 1 zuwa 2 ga kwikwiyon da bai kai mako takwas ba. Umarnin likitan da zai yi aikin shi ake bi. Ba a hana ruwa, balle a lokacin zafi. A daren dole kare ya kwana a tsare, a kuma sanar da yara da matan gida kada a jefa masa komai. Idan ya kuɓuce ya ci wani abu, faɗa wa likita gaskiya ya fi, ko da za a ɗage aikin.

Ranar aiki

Ana kai kare da sassafe kafin rana ta yi zafi, bayan an zagaya da shi ya yi fitsari da kashi. Likita kan fara da allurar kwantar da jiki da ta kashe zafi, sannan ta sa barci. A asibitocin Najeriya an fi amfani da xylazine da ketamine, manyan asibitoci kuma suna da propofol da iskar isoflurane. Ana aske wurin a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

A namiji, ana yin 'yar tsaga ɗaya a gaban jakar maraina, a turo ɗan maraina ɗaya ta nan, a ɗaure jijiyar jini da bututun maniyyi da zare, a yanke, sannan a yi wa ɗayan haka. Jakar tana nan ba a cire ta, sai ta motse a hankali cikin makonni. A karya, ana tsaga tsakiyar ciki daga ƙasan cibiya, aikin kuma kan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya da rabi. Wasu likitoci na ɗinke fata da zaren da ke narkewa da kansa, wasu da wanda sai an cire.

Ba a ɗaukar kare zuwa gida sai ya farka, yana iya ɗaga kai da haɗiye miyau. Ana kwantar da shi a gefensa cikin mota, ko cikin babban kwando mai shimfiɗa. Ba a rufe shi a but, ba a kuma saɓa shi a kan babur ƙafafu na reto.

Jinya a gida

Awa 24 na farko

Kare kan dawo yana layi da gyangyaɗi, wani yana kuka ko rawar jiki. A wannan hali ko karen da bai taɓa cizo ba yana iya kai wa mai shi hari, don haka ana nisanta yara da sauran dabbobi. Ana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan bayan ya iya tsayuwa, a ɗauke kwanon idan ba kowa a kusa, kada ya yi barci da hanci a ciki. Da yamma ana ba shi kwata ko rabin abin da ya saba ci, mai laushi, kamar shinkafa ko tuwo da romo marar yaji. Idan ya ƙi ci a ranar ba abin damuwa ba ne. Rashin yin kashi na kwana ɗaya ko biyu ma an saba ganinsa, amma ya kamata ya yi fitsari cikin awa 24.

Hana lasar miki

Akwai masu cewa miyaun kare magani ne ga mikinsa. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, harshensa na jiƙa mikin, haƙoransa kuma na iya tsinke zare cikin 'yan mintoci. Ana sa masa abin wuya na roba mai siffar mazurari, wanda ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi na birane. Inda babu, ana yanke gindin ƙaramin bokitin roba, a naɗe bakin da tsumma, a huda ramuka a ɗaure shi da igiyar wuyan karen. Kwali mai kauri ma yana yi, sai dai ba ya jure ruwa. Dole bakin abin ya ɗan zarce hancin kare, kuma yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya. Yana zama dare da rana har a cire zare. Ƙaiƙayi ya fi tsanani daga kwana na biyar zuwa na takwas, lokacin da masu kare da yawa ke cire abin wuyan don sun ga dabbar ta warware.

Kula da miki

Ana duba mikin safe da yamma. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwana biyu ko uku na farko ba laifi. Ana barinsa a bushe, ba wanka, ba shiga rafi ko magudanar ruwan noman rani. Ba a zuba masa toka, gishiri, baƙin mai, kananzir, kashin shanu ko garin magani na gargajiya. Idan ya yi datti ana goge gefensa da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, ko abin da likita ya bayar.

Ƙuda shi ne babban abokin gaba. Wasu ƙudaje na yin ƙwai a kan miki, cikin kwana ɗaya su zama tsutsotsi masu cin nama. Akwai kuma ƙudan tumbu, wanda ke yin ƙwai a turɓayar da fitsari ko kashi ya taɓa, tsutsarsa ta huda fatar karen da ya kwanta a wurin. Share wurin kullum, da rataya tsohon gidan sauro, da shafa maganin korar ƙuda a kewayen mikin bisa umarnin likita, suna rage wannan haɗari.

Hana guje-guje

Kwana 10 zuwa 14 kare ba ya gudu, ba ya tsalle katanga, ba ya bin garke ko farauta. Ana fitar da shi da igiya sau uku ko huɗu a rana ya yi bayan gida ya dawo. Idan namiji ya yi ta motsi, jini ko ruwa kan taru a jakar marainan ta kumbura har a zaci ba a cire komai ba. A karya haɗarin ya fi girma, domin ɗinkin cikin na iya buɗewa hanji ya leƙo.

Magani

Ana ba da maganin kashe zafi na kwana uku zuwa biyar, irin su meloxicam ko carprofen, gwargwadon nauyi. Ba a ba kare maganin mutane da ka. Ibuprofen da diclofenac na huda masa ciki su lalata ƙoda, farasitamol kuma idan ya yi yawa yana lalata hanta. Idan likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana shanye shi har ƙarshe.

Alamomin haɗari

Ana neman likita ba tare da ɓata lokaci ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- jini na ɗiga bai tsaya ba bayan an danne wurin da tsumma mai tsabta na minti 10
- dasashi ya yi fari, ƙafafu sun yi sanyi, ko ciki yana kumbura
- kare ya kasa tashi, ko yana numfashi da ƙyar
- mikin ya buɗe, yana wari, yana fitar da mugunya, ko an ga tsutsa
- jakar maraina ta kumbura ƙwarai, ta yi zafi ko ta yi baƙi
- amai ko zawo fiye da sau biyu, ko baƙin kashi kamar kwalta
- ƙin abinci fiye da kwana biyu, ko zafin jiki sama da digiri 39.5

Idan hanjin karya ya fito, ana rufe shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da dafaffen ruwa, a naɗe cikin da zane, a hana ta kai baki, a garzaya da ita asibiti. Idan kare ya ciji mai jinyarsa, ana wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a je asibiti.

Bayan warkewa

Ana cire zare tsakanin kwana na 10 da na 14. Namiji na iya yi wa karya ciki har mako huɗu zuwa shida bayan aikin, saboda ragowar maniyyin da ke cikin bututu, don haka ana ci gaba da raba su. Sauyin hali ma a hankali yake zuwa, cikin makonni ko watanni, kuma tsohon karen da ya daɗe da sabon yawo ba lallai ya daina gaba ɗaya ba.

Bayan dandaƙa jikin kare ba ya ƙona abinci kamar da, ga shi cinsa na ƙaruwa, shi ya sa yake saurin yin ƙiba. Ana ɗan rage masa abinci a bar shi yana motsa jiki. Wasu karnuka mata, musamman manyan jinsuna, kan fara yoyon fitsari bayan shekaru, kuma akwai maganin da ke tsayar da shi.

Mahangar addini da dokoki

A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, an halatta ajiye kare don farauta da gadin dabbobi da gona, an kuma hana azabtar da dabba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya halatta dandaƙar tumaki da awaki saboda tana gyara namansu, ya kuma ambaci hani a kan dandaƙar dawaki. Game da dabbobin da ba a ci, irin su kare da kyanwa, malamai sun saɓa. Wasu sun hana idan babu lalura, wasu kuma sun halatta idan akwai amfani bayyananne ko kawar da cuta, da sharaɗin kada a azabtar da dabbar.

Ƙasashe ma sun bambanta. A Amurka da Ingila dandaƙar kare abu ne da aka saba, kuma gidajen tara karnukan da ba su da masu su kan yi musu kafin su bayar da su. A Norwe doka ta hana yin aikin sai da dalilin lafiya ko jin daɗin dabbar. A Indiya, tun 2001 dokar ƙasa ta tanadi a kama karnukan titi, a dandaƙe su, a yi musu allurar haukan kare, a mayar da su inda aka ɗauko su. A Turai da Ostireliya akwai wani ƙwayar magani mai suna Suprelorin da ake dasawa ƙarƙashin fata, wanda ke hana namiji haihuwa na wata 6 ko 12 ba tare da tiyata ba. Ana bikin ranar wayar da kai kan dandaƙar dabbobin gida a Talatar ƙarshe ta Fabrairu, ranar yaƙi da ciwon haukan kare kuma a 28 ga Satumba.

Duba kuma

- Kare
- Ciwon haukan kare
- Kaska
- Farauta a ƙasar Hausa
- Maradun
- Talata Mafara
- Bakura